Gugan Farko

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ɗan ƙauye da bai fi gida ashirin ba. Sunansa Nomau. Rijiya ɗaya gare su, wadda mutumin da ya sari garin ya haƙa da hannunsa. Al'adarsu, duk shekara in an yashe rijiyar, jinin mai rijiya ne ke jan gugan farko, kuma maganarsa ce ke raba gardamar iyakar gona. Nomau ke ja. Ubansa ma ya ja.

To, ku saurara, nan maganar take.

Gwaggonsa Tabawa ta kwanta ciwon ajali. Ta kira shi ta ce, "Nomau, kada in tafi da nauyi. Kakanka baƙo ne, da jakinsa ya zo aka ba shi masauki. Mai rijiya ya rasu ɗansa na goye, sai aka ce kakanka ya riƙe gugan kafin yaro ya girma. Riƙo ne, ɗana. Jikan yaron nan shi ne Jatau mai saƙar tabarma."

Ta cika da la'asar. Ba wanda ya ji sai shi, sai Allah.

Ya gaya wa babban ɗansa. Ɗan ya ce, "Baba, in ka faɗa, gobe 'ya'yan baƙo za a riƙa kiran mu."

Ya ce, "To, ƙarya za a yi mana?"

Ranar yasar rijiya gari ya taru, aka miƙo masa guga. Abin ya yi masa ciwo, ba dutse ba ne shi. Ya maimaita maganar gwaggonsa kaf, ya ratsa taro har gaban Jatau, ya ce, "Karɓi kayan kakanka. Mun daɗe da shi, ka yafe mana."

Jatau ya ce, "Yaya Nomau, ni ko a mafarki ban sani ba."

Kuna jira in ce an naɗa Nomau sarauta? Ba a naɗa shi komai ba. An ma yi musu gorin, ya haƙura. Ya koma bayan layi da tulunsa.

Jama'a, asali amana ne, ba rigar ado ba. Wanda ya jingina kansa ga kakan da ba nasa ba, ya zalunci kakanni biyu. Akwai gonar marayu a hannun waninmu, akwai muƙamin wani, an ce riƙe, ya riƙe har ya manta. Mai shi bai sani ba, amma kai ka sani. Ka mayar tun kana da ƙafar zuwa.