Muryar Da Sallau Ya Saki A Gari

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambata ba. Sunansa Nomau, gyaran keke yake yi. Ku saurara, kai mai latsa waya a bayan can, da kai nake.

Shekarun nan damina ta rikice, kun sani. Ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke, iri ya ƙone. To Nomau yana da wata ɗabi'a. In an turo masa labarin yanayi, sai ya duba wa ya faɗa, yaushe, kuma a kan wace ƙasa. Ya buɗe shafin hukumar hasashen yanayi, ya gwada da na masu bincike a jami'a. In bakinsu bai zo ɗaya ba, sai ya ce, "Ban samu tabbaci ba." Manoma suka gane mutumin nan ba ya ƙari, suka koma zama a rumfarsa.

Daura da shi akwai Sallau mai shayi. Da can teburinsa ne majalisar gari, duk labari daga bakinsa ake ji. Yanzu sai a sha shayinsa a tsaye, a tsallaka wurin Nomau. Sallau yana firfita wuta, yana hararar rumfar.

"Kai, sarkin faci," in ji shi, "yau me sama ta gaya maka?"

"Sallau, ni ma karantawa nake yi," in ji Nomau.

Hassada, jama'a! Hassada! Sallau ya toshe hanci, ya ɗauki murya a waya kamar wani babban jami'i, wai bana damina ta kankama da wuri, duk wanda bai yi shuka a ruwan farko ba ya yi asara. Ya saki ta lambar wani baƙo. Burinsa Nomau ya yaɗa, iri ya ƙone, mutane su watse masa.

Muryar ta iso wa Nomau. Ya saurara, ya ji ƙarar cokali a kofi can ƙasa-ƙasa, ya gane aikin Sallau ne. Abin da ya ce wa mutane kawai, "Babu sunan mai magana, babu rana. Shafin hukuma kuwa cewa ya yi a jira, ruwan zai tsaya."

Yawanci suka jira. Amma muryar ta zaga har ta shiga wayar Baba Jatau, surukin Sallau, uban matarsa. Tsoho ya kwashe irin geronsa kaf ya zuba a ƙasa. Ruwa ya ɗauke. Tsiro ya fito, rana ta cinye shi.

Baba Jatau ya zo rumfar, jama'a a cike, Sallau yana tsaye da buta a hannu.

"Nomau, ɗana, kai ka san kan waya. Muryar wane marar tsoron Allah ce wannan?"

Ku duba fa. Kalma ɗaya, auren Sallau da mutuncinsa sun tafi. Nomau bai ko waiwayi teburin shayi ba.

"Baba, ban ga lokacin da aka ɗauka ba. Ina da ragowar iri a gida, a zo a ɗiba."

Kuna tsammani Sallau ya tuba? Da ya ji ana sa wa Nomau albarka, sai ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Duk don a yabe shi ne." Mutumin da aka rufa wa asiri ke nan. Shi ya ɗauki buhun irin a ka zuwa gonar surukinsa, yana tafe yana ƙunci.

To ku ji. Mai gaskiya yakan tantance labari kafin ya saki, ko na ruwan sama ne ko na ɗan'uwansa. Mahassadi kuwa ko ka cece shi, ceton ma ciwo yake masa. Kowannenku akwai waya a aljihunsa. Kafin ka tura magana, ka san mai ita, domin akwai tsohon da zai binne abincin shekararsa a kanta. In kuma ka ji ana yabon maƙwabcinka zuciyarka ta yi zafi, ka tashi ka yi alwala, ka nemi tsari. Allah Ya raba mu da hassada.