Zane Biyu, Harafi Ɗaya

A wani kamfanin gina hanyoyi da gadoji a Kwatano, an yi wani injiniya mai suna Gildas Hounkpatin. Gwani ne wajen zane, babu mai musun wannan. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ba ya iya furta cewa ya yi kuskure. Amininsa Fiacre Dossou shi ke kula da gini a wurin aiki. Tare suka yi karatu, kuma Gildas ne ya riƙe 'yar Fiacre a coci ranar baftismarta. Fiacre yakan ce ko da ido rufe zai gina duk abin da Gildas ya zana.

Ƙa'idar kamfanin a bayyane take. Zanen farko harafinsa A. Duk gyaran da ya biyo baya, komai ƙanƙantarsa, a sabon fayil ake adana shi da harafi na gaba, a rubuta dalili, shugabar injiniyoyi Madam Ahouansou ta sa hannu, sannan a karɓo tsohon daga wurin aiki a buga masa jan hatimi. Gildas kuwa abin taƙamarsa shi ne zanensa bai taɓa wuce C ba.

"Wasu sai sun cinye haruffa kaf, su je aro wurin maƙwabta," yakan ce, yana kallon abokan aikinsa.

Aka ba su aikin wata ƙaramar gada kusa da Bohicon, wadda manoma za su riƙa ƙetarewa da kaya zuwa kasuwa. Bayan zanen C ya isa hannun Fiacre, Gildas ya gano cewa rodin da ya sa wa ginshiƙin tsakiya ya yi kaɗan. Gyaran da ya dace shi ne D, amma D na nufin tsayawa gaban Madam. Sai ya buɗe tsohon fayil a kwamfuta, ya gyara a kansa, ya bar masa harafinsa, da niyyar aika sabon a ɓoye. Yau ne, gobe ne, har ranar zuba kankare ta zo.

Fiacre bai saba zubawa ba tare da ya tabbatar ba. Ya kira Gildas a waya da sunan da ya saba kiransa, Fofo, wato yaya a harshensu.

"Fofo, an gama ɗaure rodi, motoci na jira. Wane ne na ƙarshe?"

Gildas ya ce, "Wane ne a hannunka?"

"C."

"To ka taɓa jin na haifi D? Zuba, mutumina, kada ka tsufa a daji."

Fiacre ya yi dariya, ya ba da umarni aka zuba.

Damina ta farko ginshiƙin ya tsage, gadar ta ranƙwafa, aka rufe ta. Hukuma ta kira taron bincike. Fiacre ya shiga hankalinsa kwance, domin amininsa na zaune a ciki. Aka nemi Gildas ya nuna zane. Ya buɗe gyararren fayil ɗin, bai ko dubi inda Fiacre yake ba.

"Ga abin da na zana. Abin da aka gina, mai ginin ya sani."

Wani daga cikin masu bincike ya tambayi Fiacre a wace kasuwa ya sayar da sauran rodin. Fiacre ya ji maganar kamar mari. Lasisinsa da sunansa ne a kan tebur, amma ba su yake kallo ba. Gildas yake kallo, yana jiran ya ɗago kai ya ce wani abu. Bai ɗago ba.

Fiacre ya fita zuwa motarsa, ya ɗauko takardar da ya yi gini da ita, duk jar ƙasa da shatin ruwa. Madam Ahouansou ta sa aka buga na kwamfuta, ta shimfiɗa su gefe da gefe. Harafi ɗaya, sunan mai zane ɗaya, rodi daban.

"Gildas," in ji ta, "uwa ba ta raɗa wa 'ya'yanta biyu suna ɗaya. Wanne ka ɓoye mini?"

Aka wanke Fiacre, aka kori Gildas, aka karɓe lasisinsa.

A bakin matakala Gildas ya tari Fiacre. "Ɗan'uwa, tsoro ne ya kama ni."

"Kuskuren rodi na yafe maka tun kafin ka roƙa, kowa na yinsa," in ji Fiacre. "Amma na kira ka, Gildas. Na tambaye ka." Ya sauka, bai waiwaya ba. Daga ranar bai sake kiransa Fofo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gyara ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Duk mai riƙe da zanen da wasu za su yi gini da shi, ya ba kowane gyara harafinsa, ya janye tsohon, ya sanar da mai aiki da shi kafin a zuba kankare. Gadar Bohicon an rushe ginshiƙinta an sake zubawa. Amanar da Gildas ya ci kuwa, har yau ba a sami injiniyan da zai gyara ta ba.