Rijiyar Jakar Jatau

A zamanin da, tun dajin Gamji bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce masa Jatau. Jatau na Tabawa, baƙin dodon gwanki, mai kibiyar da ba ta dawowa! Abin da ya mallaka duka-duka baka ne da wata tsohuwar jaka, macen jaki.

Wata shekara fari ya ƙone dajin. Jatau ya tsinci ayarin fatake biyu a gindin wani busasshen rafi, harshe ya kafe musu: na Mala Kyari Babarbare, da na Julɗe Bafillatani. Suna nan zube sai jakar ta shinshina yashi, ta kama tono da kofato. Kafin rana ta karkata ruwa ya ɓullo, sanyi ƙalau.

To, al'adar daji a lokacin, wanda ya raɗa wa ruwa suna shi ke da shi, saura kuwa sai da izininsa. Ƙishi na sauka, rigima ta tashi.

"Rijiyar Koro ke nan," in ji Mala Kyari. "Haka kakanninmu suka kira dabbar nan."

"Kai, bawana, rufe baki!" in ji Julɗe. "Mbabba ce tun kafin a haifi Barno."

Hannaye suka tafi kan takubba. Jatau ya duba, ya ga ko wa ya ci, rabin mutanen nan ƙishi zai kashe su. Ya daka musu tsawa.

"Ku ji marasa kunya! Wanne cikinku ya tona? Ga mai aikin can. Kowa ya kira ta da harshensu, wanda ta waiwaya, ruwa nasa ne."

Shi kam ya tabbata shi za ta amsa wa. Mala Kyari ya kira, shiru. Julɗe ya kira, ko kunne ba ta kaɗa ba. Jatau ya gyara murya, ya ce, "Jaka!" Ta ci gaba da shan ruwanta, ta bar shi tsaye a gaban baƙi.

Ya haɗiye kunyarsa, ya ce, "To, kun gani. Ruwa nata ne."

Nan gari ya kafu. Gugan farko na kowace safiya jaki ake zuba wa. Baƙo kuma ba ya biyan komai, illa ya tsaya a bakin rijiya ya faɗi sunan jaki da harshen garinsu. An ji farkay, an ji ƙeteƙete, an ji himar. Har yau ba a samu wanda jaki ya waiwaya ba.