Muntari da Furar Gidan Makoki

A ƙauyen Karaye, cikin ƙasar Maiyama, an yi wani saurayi mai suna Muntari. Tun yana ƙarami goggonsa ta tafi da shi Doso, a Jamhuriyar Nijar, inda ya yi boko da Faransanci. Ya dawo gida ba da daɗewa da ƙirƙiro jihar Kebbi ba. Yana da kaifin basira da son garinsu, amma yana da wani ciwo guda: zargi. Ko murmushi ka yi masa, sai ya tambayi kansa me kake nufi.

Da zaɓen kansila ya matso, manoman albasa suka ce shi suke so, domin ya yi alkawarin nemo musu gyaran hanyar da ke kai kayansu kasuwar Jega. Ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Alu, shi ya riƙa zagayawa da shi gida-gida. A lokacin 'yar tinƙe ake yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, ido na ganin ido.

Ana cikin haka mahaifiyar Balarabe, abokin takararsa, ta rasu. Kawu Alu ya ɗauki buzunsa ya je ya zauna makoki, kamar yadda aka saba. Muntari ya ji labari, zuciyarsa ta fara saƙa. Da tsohon ya dawo, ya tare shi a zaure.

"Kawu, wuni guda gidan Balarabe? Mi kuka ƙulla?"

"Ƙulli? Kai yaro, mutuwa aka yi. Matar nan ita ta yi wa uwarka wankan jego. Tashi ka tahi ka yi gaisuwa, tun mutane ba su fara ƙirga wanda bai zo ba."

Muntari ya tafi, amma ya ja abokinsa Tamu, wanda suka yi karatu tare a Doso. Suka tarar da dattawa cike da tabarmi. Aka yi addu'a aka shafa. Balarabe da kansa ya miƙo masa ƙwaryar fura. Muntari ya dubi ƙwaryar, ya dubi fuskar mai miƙowa, zuciyarsa ta ce masa an zuba wani abu. Ya juya ya yi wa Tamu magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, sannan ya ture ƙwaryar gefe.

Wani tsoho ya ce, "Alu, mi ɗanka ya ce? Mu kam ba mu jin yaren ga."

Kawu Alu ya jawo ƙwaryar ya sha sosai, ya goge gemu.

Kafin la'asar magana ta cika gari. Wasu suka ce Muntari ya kira Balarabe mai sammu. Wasu suka ce dattawan ya zaga. Tunda ban da Tamu babu wanda ya fahimci abin da ya faɗa, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Shi kuwa, ganin gaisuwar mutane ta yi sanyi, sai ya ƙara tabbata cewa an saye su. Ya daina neman shawarar kawunsa.

Ranar zaɓe ya tsaya a filin makaranta. Layin Balarabe ya miƙe har bakin rijiya. Muntari ya waiwaya, ya ga 'yan tsirarun samari, a gabansu kuma Kawu Alu ne dogare da sandarsa cikin rana.

"Kawu, ashe kana nan?"

"Ina zan tahi? Dubi gabanka, malamin zaɓe na zuwa."

Darasi: zargi ba wayo ba ne. Wanda ya ɗauki kowa maƙiyi, shi da kansa yake koya wa mutane su zarge shi. In kana neman jama'a su tsaya a bayanka, sai ka fara yarda da su, ka zauna inda suka zauna, ka yi magana da harshen da suke ji.