Guntun Tiyon da Maigida Ya Ɓoye

Akwai wani maigida da Allah ya ba shi tsawon rai da jikoki da yawa. Tsakar gidansa tsakuwa ce zalla, duk ranar da jikokin suka zo wasa sai wani ya koma gida da ƙujewa a gwiwa. Abin ya dame shi, ya ce a ransa, "Zan shuka musu ciyawa, wanda ya faɗi ya faɗi a kan laushi."

Ya kwashe tsakuwar, ya zuba taki, ya dasa ciyawa. Domin kada rani ya ƙone ta, ya haƙa ƙasa ya binne babban bututu daga tankin gidan. A kan bututun ya kafa ƙananan bututu na ƙarfe a tsaye, kowanne da kan feshi a samansa daidai da tsayin ciyawar. In aka buɗe famfo sai ruwa ya tashi ya watsu kamar yayyafi.

Maigidan nan kuwa yana son abu mai ƙarfi. Irin mutanen nan ne da ko igiyar shanya suka ɗaura, sai ka ce bijimi za a ɗaure. Da ya iso kan feshi na ƙarshe, can kusa da ƙofar gida, sai ƙarfe ya ƙare masa. Ga rami a buɗe, shi kuma ba ya barin aiki rabi. Ya yanko guntun tiyo na roba, ya haɗa baki ɗaya da babban bututun, ɗaya bakin da kan feshin, ya ɗaure su da waya tamau. Ya mai da ƙasa da sauri yana waige-waige, kada maƙwabci ya ga ya yi aikin roba. Ya ce, "Gobe zan sa na ƙwarai." Goben ba ta zo ba, har ya manta.

Ciyawa ta yi kore shar, jikoki suka yi ta birgima a kanta. A cikinsu akwai wata ƙarama mai suna Keziya, ita ce abokiyar wasansa. Da ta shigo sai ta fizge hularsa ta ruga tana cewa, "Kaka, in ka isa ka kama ni!" Shi kuma ya bi ta yana haki yana dariya.

Wata rana tana cikin gudu da hular, ta taka kan feshi ɗaya. Ƙarfen bai lanƙwasa ba, sai ya danna babban bututun da ke ƙasa ya fasa shi. Ruwa ya ɓullo da laka, ciyawa ta jagwalgwale. Maigidan ya manta da wasa, ya daka mata tsawa, "Ke ba ki da ido ne? Dubi abin da kika yi mini!" Keziya ta ajiye hular a ƙasa, ta tafi bayan uwarta ta ɓuya.

Ya gyara abin da ya fashe, ya ce laifin rashin ƙarfi ne. Ya kwaɓa siminti ya zuba a gindin kawunan, ban da na bakin ƙofa da bai kai gare shi ba. Bai tsaya nan ba, ya kewaye ciyawar da igiya, ya ce daga yau kada ƙafar kowa ta taɓa ta. Jikoki suka riƙa zuwa su durƙusa su gaishe shi, su zauna a baranda shiru kamar baƙi. Sannu a hankali suka daina zuwa.

'Yarsa, uwar Keziya, ta zo ita kaɗai ranar Lahadi bayan sujada. Ya tambaye ta, "Ina ƙawata?"

Ta ce, "Baba, ta ƙi biyo ni. Ta ce Kaka ya fi son ciyawarsa."

Maganar ta soke shi, amma ya daure fuska ya ce, "In ba a tsare ba ai lalacewa za ta yi." Da 'yar ta tafi, ya zauna yana kallon ciyawar nan kyakkyawa, ba wanda ya taka, ba wanda ya yi dariya a kanta. Ya ji kewar yarinyar ƙwarai, amma girman kai ya hana shi aikawa a kira ta.

Da kaka ta yi, mota ta kawo masa buhunan masara daga gona. Garin juyawa sai ta tsinke igiyar, ta hau kan ciyawa, ta bi ta kan kawunan feshin. Siminti ya tuge da ƙarfensa, ya yage babban bututun a wurare da dama. Maigida ya ɗora hannu a ka. Ya gyara bututun, ya toshe inda kawunan suka karye, ya buɗe famfo don ya ga ko da sauran ɓarna. Sai ga kan feshi na bakin ƙofa ya tashi yana watsa ruwa lafiya lau, alhali ga sawun taya nan ya bi ta kansa sosai.

Ya yi mamaki. Ya ɗauko fartanya ya tone gindinsa, sai ga guntun tiyon nan da ya binne da kunya. Ya sa ƙafa ya danna kan feshin, tiyon ya lanƙwasa, kan ya nutse, babban bututu bai ji kome ba. Ya sa hannu ya ɗago shi, ya koma daidai. Ya tuna nan ne bakin ƙofa, inda kowa yake takawa shiga da fita tun ranar farko, bai kuwa taɓa yoyo ba. Tsohon ya zauna a bakin ramin, ya ce, "Ashe garin neman gira na rasa ido."

Washegari ya fasa simintin duka, ya cire ƙarafan. Kowane kan feshi ya matsar da shi gefe kaɗan, ya haɗa shi da babban bututu da tiyo mai laushi, ya ɗaure bakunan sosai. Ya naɗe igiyar ya jefa a rumbu. Sa'an nan ya sa hularsa, ya tafi gidan 'yarsa da ƙafarsa, ya ce, "Keziya, na yi miki laifi. Zo mu je gida."

Ta biyo shi, amma ta tsaya a bakin ciyawa ba ta shiga ba. Ya kama hannunta ya kai ta kan wani kan feshi, ya ce, "Taka."

Ta dube shi da tsoro. "Kaka, zai fashe."

Ya ce, "Taka da ƙarfi, ƙawata."

Ta taka, ta runtse ido tana jiran tsawa. Kan ya sunkuya, ba abin da ya fashe. Ya buɗe famfo, ruwa ya tashi ya jiƙa su duka biyu. Yana cikin share fuska, sai ya ji iska a tsakiyar kansa. Hular ta tafi, ga Keziya can tana gudu a kan ciyawa.

Ma'anar wannan misali ita ce, babban bututun nan shi ne Ubangijinmu Yesu, wanda ruwan rai yake fitowa daga wurinsa. Kawunan feshin mu ne, an kafa mu a inda mutane suke tafiya domin mu shayar da su. Wanda aka kafa a hanya kuwa dole a taka shi. Yaro zai taka ka da rashin sani, maƙwabci zai taka ka da magana, wani lokaci ma ɗan'uwa a cikin ikkilisiya zai bi ta kanka da mota ɗungum.

Tiyon shi ne tawali'u da gafara. Da yawa cikinmu muna jin kunyarsa, muna ganin rauni ne, sai mu zuba wa zuciya siminti mu kewaye ta da igiya. Amma taurin zuciya ba ya tsare kowa. Shi ne yake sa ƙaramin taku ya zama babbar ɓarna, har ruwan da ya kamata ya shayar da gida ya zama laka. Ku lura kuma, tiyon nan a ɗaure yake tamau da babban bututu. Ba a ce ku saki gaskiya ba. Ku riƙe Ubangiji da ƙarfi, ku yi laushi ga mutane. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

'Yan'uwa, kowa ya tambayi kansa yau: wane ne ya daina zuwa gidana saboda tsawar da na yi masa? Maigidan nan tsoho ne, amma bai makara ba, ku ma ba ku makara ba. Wataƙila laushin da kuke bukata yana nan binne a wata kusurwa ta zuciyarku tun da daɗewa. Ku tone shi, ku naɗe igiyar, ku tafi da ƙafarku ku kira wanda kuka kora.