Jatau da Kalangun Mahauta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

"Ni ne babba, kalangun Baba nawa ne."

"Yaya, yaushe rabonka da riƙe makaɗi?"

Jatau ke nan da ƙanensa Nomau, 'ya'yan makaɗin mahauta, suna ta musu a tsakar gida. Jatau ya ce shi kiɗa a jininsa yake, ɗan gado ba ya koyo. Shi kuwa Nomau, kullum in ya ba awaki dusa, sai ya zauna gindin tsamiya da tsohon kurkutu, yana kwaikwayon hannun ubansu har kaji su gaji su watse.

Ran nan hannun uban ya kumbura. Ga shi ranar kasuwa, Sarkin Fawa ya kayar da ƙaton sa. A garin kuwa, in ba a ji kiɗan nama ba, ba mai fitowa saye. Sai uban ya miƙa wa babba kalangu.

Sai Jatau ya rataya, ya buɗe ƙirji, ya kaɗa: gwaf, gwaf, kwaram! Sai ga manoma da garemani a kafaɗa, suna tambayar gonar wa za a yi wa gayya.

Sai ya ƙara matse tsarkiya, ya kaɗa: tim, kwal, tim! Sai ga 'yan dambe sun naɗe hannu suna kirari, kowa na neman wanda ya kira shi.

Sai ya rufe ido, ya kaɗa na uku. Sai ga tsofaffi mata suna rangaɗa guɗa, suna cewa a nuna musu amarya.

Rana ta take, ƙuda ya fara taruwa. Sarkin Fawa ya soke wuƙa a kan tebur. Ya rantse in naman nan ya kwana, gidan su Jatau sun bar yi masa kiɗa, zai ɗauko makaɗi daga wani gari.

Sai Nomau ya ce, "Yaya, ara mini in gwada."

Ya saƙala a hammata, ya matsa, ya saki: kindin, kindin, kan-kan-din! Kafin ya juya, sai ga yara da kwanoni, ga magidanta, ga masu tuwon sayarwa. Nama ya ƙare ƙaf, har ƙashi. Sarkin Fawa ya ɗora wa Nomau kan san da aka yanka, ya kai gida.

Uban ya ce daga yau kalangu na Nomau ne, don hannu abin da ya saba yi kullum shi yake yi ranar taro. Ya waiwayi Jatau, ya ce ko yana da magana.

Jatau ya ƙwanƙwasa fatar kalangun, ya ce, "Baba, laifin akuyar nan ne. Tun tana da rai ba ta iya kiɗa ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Mai son ya gaji kalangu, gobe ya fara da gwangwani.