Magatakardan Da Ya Rufe Ƙofarsa

A zamanin da, lokacin da saƙo ba shi da ƙafa sai ta manzo, an yi wani sarki mai faɗin ƙasa da son adalci. Wata rana yana zaune a fada sai ga dagacin wani ƙauye da ake kira Tudun Marke. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce rijiyarsu guda ɗaya tak ta rufta wata uku ke nan. Sau uku yana aiko da takarda a taimake su da mahaƙa, bai ji amsa ba. Yanzu mata na tafiyar rabin yini neman ruwa, har gidaje tara sun tashi.

Sarki ya sa aka bincika ɗakin magatakarda, Malam Gwadabe, aka sami takardun nan uku ƙarƙashin tarin wasu, ko buɗe su ba a yi ba. Ran Sarki ya ɓaci. Ya tura mahaƙa nan take, sa'an nan ya yanke hukunci: an ba Malam Gwadabe kwana talatin ya gama da duk takardar da ke ɗakin, in guda ta saura a tuɓe masa rawani.

Abin tausayin shi ne Malam Gwadabe ba rago ba ne. Tun hudowar rana har faɗuwarta alƙalami na hannunsa, sau da yawa tuwonsa kan huce bai taɓa ba. Ya koma gida yana tunanin ina zai samo ƙarin ƙoƙari, alhali duk wanda yake da shi ya riga ya bayar.

Waziri Jatau, dattijo ne da ya yi zama da mahaifin Gwadabe, ya ji tausayinsa. Kashegari ya yi sammako, ya shiga zauren magatakarda ya zauna bayan asabari, ya ce masa ya yi aikinsa kamar ba kowa.

Malam Gwadabe ya fiƙe alƙalami, ya ɗauki takarda. Bai kai layi biyu ba sai ga manzon Galadima, a rubuta wa surukin maigidansa gaisuwa. Yana cikin wannan wani falke ya yi sallama, a karanta masa wasiƙar da ta zo daga gabas. Falke bai tashi ba maƙwabci ya shigo neman shawara kan iyakar gona. Kowa ya zo sai Malam ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi masa maraba. In sun tafi ya juyo, zaren tunaninsa ya tsinke, sai ya jawo wata takardar dabam. Kafin azahar ya fara goma sha ɗaya, ba wadda ya kai ƙarshe.

Waziri ya fito ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Ɗana, ga tambaya. Wane ɓarawo ne ke shigowa da sallama, ka shimfiɗa masa tabarma, ya ɗauke maka abin da shi kansa ba zai iya mayar maka ba?"

Malam Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙon safiya ne, abin da ya ɗauka kuwa lokaci."

"Wannan na waje ke nan," in ji Waziri. "Akwai na cikin gida. Na ga hannunka ya kai ga wata takarda mai kauri, ya tsallake ta ya ɗauki ƙarama."

Nan idon Malam ya cika da ƙwalla. Ya faɗi gaskiya, cewa ya ga takardun dagacin tun ranar da suka zo, ya san ƙauye ba ya aikowa sai da damuwa, sai ya ajiye su har ya sami natsuwa. Natsuwar kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Haka ma ya yi da littafin tarihin garin da mahaifinsa ya fara bai ƙarasa ba, shekara bakwai yana cikin gafaka. Waziri bai yi masa faɗa ba. Ya ce masa kawai natsuwa ba ta zuwa da kanta, sai an ware mata wuri.

Daga ranar Malam Gwadabe ya sake tsari. Kafin ya tashi daga aiki yakan zaɓi takardun gobe ya jera, mafi nauyi a sama. Da safe ya rufe ƙofa har rana ta take tsaka, ba ya taɓa ta biyu sai ya naɗe ta farko. Masu bukata ya roƙe su su zo bayan azahar. Bayan la'asar kuma ya buɗe littafin mahaifinsa ya ƙara shafi guda, komai gajiya. Kwanakin farko sun yi masa wuya, ko wace sallama ya ji sai zuciyarsa ta tsinke don kunya. Amma tarin ya soma raguwa.

Rana ta tara Galadima da kansa ya zo da hantsi ya buga ƙofa. Malam ya leƙo, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina kan ƙarar wata gwauruwa da aka cinye mata gona. Ka yi mini afuwa zuwa azahar, zan zo har gida." Galadima ya juya yana huci.

Da kwana talatin suka cika, fada ta cika maƙil. Galadima ya fara magana, ya ce magatakarda ya yi girman kai, har manyan gari yake rufe wa ƙofa. Sarki ya saurara, sa'an nan ya tambayi Malam Gwadabe ko ya gama.

"Allah ya ba ka nasara, saura huɗu."

Malam Gwadabe ya ɗaga takardun huɗu. Da ya so da ya ɓoye su, ba mai sani, amma ga su a hannunsa. Sarki ya tuna masa cewa hukuncin ya ce ko guda. Malam ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Ya ƙara da cewa waɗannan huɗun ba su amsuwa sai da bakin Sarki, kuma sau uku yana kawo su: ran farko aka ce Sarki ya fita farauta, rana ta biyu yana da baƙi, rana ta uku aka ce ya bari sai an sami natsuwa.

Fadawa suka dubi ƙasa. Sarki ya daɗe yana kallon takardun, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Ashe ciwon bai tsaya a ɗakin magatakarda ba. Karanto su yanzu." A zaman nan aka yanke su duka huɗun.

Waziri ya ba da labarin abin da ya gani a bayan asabari, har da yawan manzannin Galadima. Sarki ya umarci Galadima ya nemi nasa marubucin, ya bar na talakawa ga talakawa. Ya kuma sa aka yi shela cewa ƙofar magatakarda a rufe take kowace safiya, ko ga Sarki.

Aka ƙara wa Malam Gwadabe alkyabba a kan rawaninsa. Ya riƙe aikin har tsufa, kuma masu ba da labari sun ce a zamaninsa ba talakan da ya sake takowa fada don ya tambayi ina amsarsa. Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan.